Gini ya wuce lafiya amma manhaja tana faɗuwa da NoSuchMethodError: wace sigar Guava zan ɗauka?

ƙaramin_magini ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman a haska mini hanya kan wata matsala ta Maven, kayan aikin da ke gina manhajar Java yana jawo mata laburaren da take buƙata.

Manhajar Java ce, tana dogaro da laburare biyu da wasu suka rubuta. Bari in kira su A da B. A tsoho ne, aikinsa fitar da rahoto, kuma masu shi sun daina sabunta shi. B sabo ne, shi ke magana da wata saba ta waje. `mvn clean package` yana wucewa ba ko gargaɗi ɗaya, gwaje-gwaje ma duk suna wucewa. Amma da zarar manhajar ta tashi ta kira B, sai ta faɗi da wannan:

`java.lang.NoSuchMethodError: com.google.common.base.Preconditions.checkArgument(ZLjava/lang/String;Ljava/lang/Object;)V`

A cikin pom.xml, fayil ɗin saitin Maven, babu Guava (laburaren Java na Google) ko kaɗan, amma a cikin abin da aka gina akwai guava-18.0.jar. Idan aka rubuta 27.0-jre da hannu a pom.xml, B yana aiki, sai kuma A ya faɗi da irin wannan kuskuren, wannan karon a kan `Objects.toStringHelper`. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Tambayoyina uku ne. Daga ina 18.0 ta fito? Me ya sa ginin bai kama matsalar ba? Kuma mene ne gyaran da ba zai sa gobe a sake dawowa nan ba?

tsohon_hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ka kyauta da ka kawo saƙon kuskuren gaba ɗayansa, domin rabin amsar tana cikinsa.

Mu fara da asalin 18.0. Kai A da B ka gayyata, amma kowannensu ya zo da 'yan rakiyarsa, kuma Guava tana cikin 'yan rakiyar duka biyun. Ba a sarki biyu a gari ɗaya: mai lodin kilas ɗaya na JVM, injin da ke gudanar da manhajar Java, ba ya ɗaukar kilas biyu masu cikakken suna iri ɗaya, don haka dole Maven ya zaɓi siga ɗaya ya jefar da sauran. Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne suna zaton sabuwar siga yake zaɓa. Ba haka ba ne. Maven yana ɗaukar wadda ta fi kusa da pom ɗinka a bishiyar dogaro. Idan A ya jawo Guava kai tsaye, tana mataki na biyu. Idan B ya jawo wani laburare, shi kuma ya jawo Guava, tana mataki na uku. Ta mataki na biyu ce za ta ci ko da ta girmi ɗayar da shekaru. Idan kuma matakinsu ɗaya, wadda aka fara ambata a pom ita ke ci. Wato sauya jerin layuka biyu a pom.xml kaɗai yana iya sauya jar ɗin da za ta shiga manhajarka.

Kada ka yi hasashe, ka duba da idonka:

`mvn dependency:tree -Dverbose -Dincludes=com.google.guava:guava`

`-Dverbose` ɗin nan shi ne muhimmi, shi ke nuna sigogin da aka jefar, da rubutun `omitted for conflict with 18.0` a gefensu. Idan ya ce maka ba ya goyon bayan verbose, fulogin ɗinka daga cikin sigogin 3.0 zuwa 3.1 ne, sai ka kira sabo da cikakken sunansa: `mvn org.apache.maven.plugins:maven-dependency-plugin:3.6.1:tree` tare da waɗancan zaɓuɓɓuka biyu.

Sai tambaya ta biyu. javac, mai harhaɗa kod ɗin Java, kod ɗinka kawai yake dubawa. B ya zo ne a harhaɗe, kuma a cikin kilas ɗinsa an riga an rubuta cewa a kira metod kaza mai karɓar kaza da kaza. Babu wanda ke tabbatar da cewa metod ɗin yana nan sai ranar da JVM ya iso wannan layin yana aiki. Gwaje-gwajenka sun wuce ne domin, ga dukkan alamu, ba sa kiran B na gaskiya, kwaikwayonsa suke kira.

Yanzu ka kalli kuskuren da kyau. `Z` yana nufin boolean, sai String, sai Object guda ɗaya. A Guava 18 da 19 akwai `checkArgument`, amma wadda ke karɓar saƙo da ƙarin bayani jerin Object take karɓa, kuma a rubuce za ka gan ta da alamar `[` kafin `Ljava/lang/Object;`. Mai karɓar Object guda ɗaya a siga ta 20.0 aka ƙara ta. A idon mai rubuta kod kira ɗaya ne, harafi ɗaya bai sauya ba. A wurin JVM kuwa metod biyu ne daban. Shi ya sa duk laburaren da aka harhaɗa da Guava 20 ko sama yakan faɗi da wannan kuskuren daidai idan aka ba shi 19 ko ƙasa, ko da marubucinsa bai san ya taɓa wani sabon abu ba.

Ta ɓangaren A kuma, `Objects.toStringHelper` an yi mata alamar tsufa tun 18.0, lokacin da aka kawo `MoreObjects` a madadinta, aka kuma cire ta a 21.0. To haɗa biyun: B yana buƙatar 20 ko sama, A yana buƙatar 20 ko ƙasa. Siga ɗaya ce tak ke da metod ɗin duka biyu, ita ce 20.0. Gwada ta, amma a nan za ka rubuta ta:

```
<dependencyManagement>
  <dependencies>
    <dependency>
      <groupId>com.google.guava</groupId>
      <artifactId>guava</artifactId>
      <version>20.0</version>
    </dependency>
  </dependencies>
</dependencyManagement>
```

Abin da ke `dependencyManagement` yana rinjayar dokar kusanci, a kowane mataki Guava ta ɓullo. Ya fi ka saka ta cikin `dependencies` alhali kod ɗinka ba ya amfani da ita, domin wani zai zo ya ga kamar ba ta da amfani ya goge. Ka rubuta sharhi na layi biyu a samanta kana faɗin dalili: A yana son kaza, B yana son kaza.

Sai dai kada ka saki jiki tukuna. Ga dukkan alamu an harhaɗa B da 27, don haka yana iya kiran wani abu da babu shi a 20, kawai dai ba ka kai ga wannan layin ba. Ka warware jar ɗin B da ta ɗan rakiyarsa, ka bi kilas ɗinsu da `javap -c -p`, ka tace layukan da ke ɗauke da `com/google/common`. Abin da ya fito shi ne ainihin jerin buƙatunsu daga Guava. A takardun bayanin Guava galibin metod suna da alamar sigar da suka fara fitowa, sai ka gwama.

ƙaramin_magini ya rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara ilimi. Bishiyar ta nuna yadda ka faɗa: 18.0 a ƙarƙashin A kai tsaye, 27.0-jre a mataki na uku ƙarƙashin B, an jefar da ita.

Da 20.0 kurakuran biyu sun tafi. Amma `javap` ya nuna B yana kiran `ImmutableList.toImmutableList` a wurare huɗu, kuma takardun sun ce a 21.0 aka kawo ta. Wato A ba ya wuce 20, B ba ya sauka ƙasa da 21. Idan na sa `exclusion` na cire Guava daga ƙarƙashin A, zai taimaka?

'yar_kod ta rubuta:

A'a ɗan'uwa, `exclusion` ba zai yi komai a nan ba. Shi kawai yana hana Maven ganin 18.0 ta wannan hanyar, sai 27 ta ci, sai A ya faɗi kamar yadda ya faɗi da farko. Cire suna daga bishiya ba ya cire buƙata daga cikin jar. Amfanin `exclusion` na gaskiya shi ne inda ɗan rakiyar ba a buƙatarsa sam, ko inda jar biyu masu suna daban suke ɗauke da kilas iri ɗaya, kamar tsohuwar google-collections da Guava, ko commons-logging da jcl-over-slf4j.

Tunda babu sigar da za ta gamsar da su biyun, hanyoyinka uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi tsafta ita ce a gyara A. Idan kod ɗinsa a buɗe yake kuma lasisinsa ya yarda, ka ɗauko shi, ka mayar da `Objects.toStringHelper` zuwa `MoreObjects.toStringHelper`, haka ma `Objects.firstNonNull` idan akwai, domin tare aka cire su. Ka harhaɗa shi da sabuwar Guava, javac da kansa zai lissafa maka duk sauran abin da ya karye. Sai ka ajiye shi a ma'ajiyarku da lambar siga ta daban, kada ka sake amfani da lambar asali, in ba haka ba kwamfutar da ke da tsohuwar jar a `~/.m2` za ta ci gaba da amfani da ita ba tare da kowa ya sani ba. Sau da yawa wannan aikin sa'o'i kaɗan ne.

Ta biyu, a sauke B zuwa tsohuwar sigar da ba ta wuce Guava 20 ba. Ba na son wannan. Ka ɗaure sabon laburare ne saboda tsoho, kuma ka zauna kan Guava ta 2016. Sigogi daga 11.0 har zuwa kafin 24.1.1 suna da raunin tsaro mai lamba CVE-2018-10237, don haka duk na'urar binciken tsaro za ta yi ta nuna maka ja. Ko da 20.0 ta yi aiki, matsuguni ne na ɗan lokaci.

Ta uku, idan A ba ya taɓuwa, ita ce a sauya wa Guava ɗinsa suna da maven-shade-plugin. Dabarar ita ce a haɗa A da Guava 18 cikin jar ɗaya, a sake rubuta duk `com.google.common` da ke ciki ya koma wani suna naka, misali `boye.guava18.com.google.common`. Daga nan JVM yana ganin kilas biyu masu suna daban, kowa da gidansa, sai B ya ɗauki sabuwar Guava ba mai takura masa. Zuciyar saitin ke nan:

```
<relocation>
  <pattern>com.google.common</pattern>
  <shadedPattern>boye.guava18.com.google.common</shadedPattern>
</relocation>
```

Amma akwai ramuka a wannan hanyar, kuma kowanne yana cin yini idan ba a san da shi ba.

Ka yi shi a wani ƙaramin aiki na daban wanda A da Guava 18 kaɗai ke ciki, ka taƙaita su da `artifactSet`. Idan ka yi shi a kan babbar manhajar, kiran da B ke yi ma za a sauya masa suna ya koma kan 18, ka dawo inda ka fara. Kuma ya fi aminci ka gina wannan ƙaramin aikin shi kaɗai ka tura shi ma'ajiya. Fulogin ɗin yana fitar da `dependency-reduced-pom.xml` wanda babu Guava a cikinsa, amma idan a gini ɗaya ake yin komai, sauran sassan aikin kan ci gaba da karanta pom na asali, sai 18.0 ta sake sulalowa cikin bishiya.

Kada ka rubuta `com.google` kawai a `pattern`. Zai kwashi Gson da protobuf da duk abin da ya fara da wannan sunan. Ka dai ƙara wani `relocation` na `com.google.thirdparty`, domin yana cikin jar ɗin Guava.

Sunan kilas da ke cikin fayil ɗin saiti, ko wanda ake ƙera shi guntu-guntu lokacin aiki a miƙa wa `Class.forName`, ba lallai a sauya shi ba. Fayilolin `META-INF/services` kuma suna buƙatar `ServicesResourceTransformer`, shi ke haɗe su ya gyara sunayen da ke ciki. Idan wata jar tana da sa hannu, ka tace `META-INF/*.SF`, `*.DSA` da `*.RSA`, in ba haka ba za ka ga `Invalid signature file digest` tun wajen tashi.

Rami mafi zurfi shi ne wannan: ka duba ko metod ɗin A na fili suna karɓa ko suna mayar da wani abu na Guava, kamar `ImmutableList` ko `com.google.common.base.Optional`. Bayan sauya suna, `ImmutableList` ɗin A da na B ba su da wata dangantaka a wurin JVM. Ba za ka iya miƙa na wannan ga wancan ba. Maganinsa ka rubuta siririn kilas a cikin ƙaramin aikin wanda zai tsaya tsakani, yana karɓa yana bayarwa da `java.util.List` da `java.util.Optional` kawai. Idan A bai fito da Guava waje ba, ka huta da wannan.

tsohon_hannu ya rubuta:

Malama ta gama magana kan gyara, kuma na yarda da jerin da ta yi: a gyara A tukuna, sauya suna sai in babu yadda za a yi. Saura tambayarka ta uku.

Ka sa maven-enforcer-plugin da dokar `requireUpperBoundDeps`. Tana karya gini idan sigar da Maven ya zaɓa ta yi ƙasa da wadda wani laburare ya nema. Da tana nan, ranar da aka ƙara B ginin zai tsaya ya ce an nemi 27.0-jre an ba da 18.0. Akwai kuma `dependencyConvergence`, wadda ta fi tsauri: ba ta yarda a ga siga biyu na abu ɗaya ko ta wace fuska sai ka daidaita su. A tsohon aiki mai laburare da yawa za ta zubo maka kurakurai masu yawa a rana ta farko, mutane su gaji su kashe ta. Fara da ta farkon, in gida ya daidaita ka ƙara ta biyun.

Ka lura, dokokin nan lambobi kawai suke gwamawa. Ba su san cewa babu abin da A ke so a 27 ba. Wannan sai gwaji na gaskiya: aƙalla guda ɗaya da ke fitar da rahoto ta A na ainihi, da guda ɗaya da ke bi ta B na ainihi, a kan jerin jar ɗin da za a tura saba.

Laburaren da ke zuwa iyali guda kuma kada a ɗaure su ɗaya-ɗaya. Jackson misali: core da databind da annotations tare suke tafiya, idan ɗaya ya yi gaba ya bar sauran za ka ga irin wannan kuskuren. Ka shigo da `jackson-bom` a `dependencyManagement` da `type` pom da `scope` import. Idan BOM biyu, wato irin wannan pom mai jera sigogin iyali guda, suka ambaci abu ɗaya, wanda aka fara shigowa da shi ke ci, abin da ka rubuta da hannunka a wurin kuma ya fi su duka. `mvn help:effective-pom -Dverbose` yana nuna daga wane fayil kowace lamba ta fito.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: idan abin da kake ginawa laburare ne da wasu za su ɗauka, a Maven 3 ɗaurin da ka yi wa 'yan rakiya a `dependencyManagement` ba ya bin jar ɗinka zuwa wurinsu. Su bishiyarsu za a sake lissafawa daga farko.

mai_bin_diddigi ya rubuta:

Ƙari kaɗan domin masu karantawa da ba Maven suke amfani da shi ba, domin dokar zaɓe ta bambanta kuma ita ke nuna inda za a nemi matsala.

Gradle mafi girman siga yake ɗauka. Wannan aikin dai da a Gradle yake, 27.0-jre ce za ta ci, kuma kuskuren A za a fara gani. Umarnin bincike shi ne `./gradlew dependencyInsight --dependency guava --configuration runtimeClasspath`, yana faɗin wadda aka zaɓa da dalilin zaɓenta. `constraints` yana iya ɗaga siga amma ba ya sauke ta, in kana son saukewa sai `strictly`. `failOnVersionConflict()` shi ne kwatankwacin dokar tsaurin da Malam ya ambata, `--write-locks` kuma yana rubuta fayil ɗin kulle domin ginin yau da na wata mai zuwa su zama ɗaya.

npm na JavaScript yana iya ajiye siga biyu, kowace a cikin `node_modules` na wanda ya nema, don haka rikicin ba ya yawan tashi a nan. Inda yake tashi shi ne abin da dole ya zama guda ɗaya a manhaja, kamar React: kwafi biyu suna jawo `Invalid hook call`. Tun npm 7 saɓanin `peerDependencies` yana tsayar da girkawa da `ERESOLVE`. `--legacy-peer-deps` yana rufe bakin gargaɗin ne kawai, saɓanin yana nan. A duba da `npm ls react` da `npm explain`, a gyara da `overrides`, wanda ya shigo a 8.3.

pip na Python kamar Java yake, siga ɗaya a muhalli ɗaya. Tun 20.3 yana ƙin girka abubuwan da suka saɓa a umarni ɗaya, ya ce `ResolutionImpossible`. Amma idan ana girkawa ɗaya bayan ɗaya, na baya yana iya sauya sigar da na farko ya dogara da ita, shi ya sa `pip check` yake da muhimmanci bayan kowace girkawa.

Sai in koma kanka ɗan'uwa. Bishiyar Maven tana faɗin abin da ka tura ne, ba lallai abin da JVM ya loda ba. Idan manhajar tana gudana a cikin wani dandali mai nasa jar, nasa na iya riga naka. Hadoop 2 yana zuwa da Guava 11.0.2, Spark kuma ya daɗe yana zuwa da 14.0.1. Bayan ka gama gyara, ka tashi manhajar a kan sabar kanta da `-verbose:class`, ko `-Xlog:class+load` daga Java 9 zuwa sama, ka nemi layin `Preconditions`. Zai nuna maka cikakkiyar hanyar jar ɗin da kilas ɗin ya fito.

ƙaramin_magini ya rubuta:

Na gode Malamai, Allah ya saka da alheri. Lasisin A ya yarda a gyara shi, don haka hanyar farko ta Malama zan bi. Da aka harhaɗa shi da sabuwar Guava, javac ya nuna wurare tara, bakwai daga ciki `toStringHelper` ne, biyu `firstNonNull`. Tambaya ɗaya ta rage: tunda A ya daina riƙe ni, in tsaya a 27.0-jre da B ya nema, ko in wuce sama?

'yar_kod ta rubuta:

Ka wuce sama, aƙalla 32.0.1-jre, domin akwai wani raunin tsaro na fayilolin wucin gadi, CVE-2023-2976, da sai a jerin 32 aka rufe shi. Tun bayan 21 masu Guava suka daina cire metod ɗin da ba su da alamar `@Beta`, don haka haɗarin ɗagawar yana kan masu alamar ne kawai. Jerin da `javap` ya ba ka na B yana hannunka, ka bi shi ka ga ko akwai mai `@Beta` a ciki, ka tabbatar yana nan a sigar da ka zaɓa. Ka tabbatar kuma mai `-jre` ka rubuta, ba mai `-android` ba.

Idan ka sake buga bishiyar za ka ga `failureaccess` da wata `listenablefuture` mai lambar siga 9999.0 a ƙarƙashin Guava. Kada ka cire su. Ta farkon tana ɗauke da kilas ɗin da Guava ke buƙata tun 27.0, ta biyun kuma jar ce da babu komai a cikinta, an sa ta ne da gangan domin ta danne `listenablefuture` 1.0, kada kilas ɗin ya shigo sau biyu.